Dare na Goma Sha Tara

Daga Legas ta zo, a ƙulle cikin safa,
a motar dare, ƙarƙashin kujerar Tanimu.
Tsawonta bai kai kamu biyu ba,
kaurinta kamar babban yatsana.
'Yar mesa ce, irin ta ƙetaren teku,
bayanta zane-zane, kamar tabarmar da ruwa ya taɓa.

Na gyara mata akwatin gilashi a ɗakina na Kabala,
na shimfiɗa tsohuwar jarida,
na kife kasko, na ɓalle masa ƙofa,
na zuba ruwa a murfin langa.
Na ce, ga gida.
Ta sulale cikin kaskon, ko waige babu.

Kwana uku, na kawo jinjirin ɓera,
jajir, ko gashi bai tsiro ba.
Na ɗumama shi, na kama da hantsaki,
ina kaɗa shi gabanta kamar mai tallar awara.
Ta zaro harshe, ta ɗanɗani iska,
ta juya mini ƙeya,
in dai maciji yana da ƙeya.

Lantana ta leƙo ta katanga:
"Mutum da gemunsa yana lallashin maciji!"
Barau mai shayi ya ce, "Bar ta,
yunwa ba kanwar lasa ba ce."
Na bar ta awa ɗaya, na koma da tocila.

Ruwan Agusta ya sauka,
kogi ya cika yana lasar ƙafafun gada,
aka ɗauke wuta, fitilar ɗumi ta mutu.
Na cika gorar roba da ruwan zafi,
na naɗe ta da tsohon tawul, na jingina da gilashi.
Ƙarfe biyu na tashi na canza,
ƙarfe huɗu na sake.
Duk tashi sai na ɗaga kasko in ga ko tana numfashi.
Ɓera na biyu, kyanwar Lantana ta ci.
Na uku ma ita.

Sai idanunta suka yi shuɗi-shuɗi,
kamar ruwan wankin shuni.
Na hau Keke har Unguwar Rimi, zuciya a hannu.
Likita Kande ba ta ko tashi daga kujera ba.
"Saɓa za ta yi. Sau nawa kake buɗe akwatin a yini?"
Na soma ƙirgawa da yatsu,
yatsun suka ƙare.
Ta ce, "To, kai ne ciwon."

A hanyar dawowa Baba ya faɗo mini.
Watansa na ƙarshe, mu shida a kansa,
wannan da koko, wannan da cokali,
kowa na cewa daure, ko loma ɗaya.
Ya datse baki, ya zuba wa bango ido.
Amma da safe Inna kan tarar da kofin wayam.
Sai bayan arba'in ta gaya mana:
ba ya so a ga hannunsa yana rawa.

Na ɗaure hannuna kwana biyar.
Ta tuɓe tsohuwar rigarta ita kaɗai,
ta bar ta a gefen langa, shara-shara kamar ɓawon albasa.

Dare na goma sha tara
na ajiye ɓera a bakin kasko,
ban kaɗa ba, ban yi magana ba.
Na lulluɓe akwatin da zanen gado,
na fita na zauna kan dakali.
Kwaɗi na ta gardama a kwata,
sauro na karɓar harajinsa a idon sawuna.
Sau uku na miƙe, sau uku na zauna.

Da ladan ya kira assalatu
na ɗaga gefen zanen, faɗin yatsa biyu.
Jarida wayam.
Ga ta a miƙe jikin gorar da ta huce,
da ɗan ƙulli a tsakiyarta
kamar kuɗin da tsohuwa ta ɗaure a bakin zane.

Ban kira Tanimu ba, ban tashi Lantana ba.
Na mayar da zanen a hankali,
na ɗauki buta.